Farantin gyaran dasashi da hanci kafin tiyatar tsagewar leɓe: nauyin da yake ɗora wa maijego a Abuja

Jaririn da aka haifa da tsagewar leɓe da ganɗa ba a yi masa tiyata a satin haihuwa. Likitoci kan jira ya kai wata 3 zuwa 6 kafin su ɗinke leɓen, ganɗar kuwa sai tsakanin wata 9 da 18. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta goma uku da har yanzu ake dubawa: sati 10 da haihuwa, nauyin fam 10, wato kusan kilo 4 da rabi, da ƙarfin jini giram 10. A cikin wannan jiran ne wasu cibiyoyi ke yi wa iyaye tayin wata hidima da ake kira NAM, wato gyaran dasashi da hanci da faranti, wata 'yar roba da ake sawa a bakin jariri, kafin a shiga ɗakin tiyata. Ita muka ɗora a sikeli, kuma mun auna ta ne daga ɗakin maijego, domin likita yana taɓa farantin nan na minti 30 zuwa awa guda a sati, sauran awannin satin duka a hannun uwa yake.

Likitan daidaita haƙora Barry Grayson da likitan tiyata Court Cutting ne suka fito da hanyar a birnin New York na Amurka, aka fara bayyana ta a 1993. Tushenta wani bincike ne da aka yi a Japan a shekarun 1980, wanda ya nuna cewa guringuntsin jariri yana da laushi ƙwarai a makonnin farko saboda sinadaran uwa da suka rage a jininsa, har ana iya gyara kunnen da ya lanƙwashe ba tare da wuƙa ba. Laushin nan yana raguwa bayan kamar sati 6. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan maganar ba karin magana ba ce kawai, ita ce ainihin aikin. Shi ya sa ake so a fara a sati na farko ko na biyu. Abin da ake nema guda uku ne: a matso da ɓangarorin dasashin da suka rabu kusa da juna, a kusanto da gefunan leɓen domin ɗinki ya zauna ba tare da ja ba, a kuma ɗaga ƙofar hancin da ta kwanta. Ga mai tsagewa ta gefe biyu akwai ƙari: tsokar tsakiya da ta turo gaba a mayar da ita baya a hankali, a kuma tsawaita ɗan ginshiƙin fatar da ke raba ƙofofin hanci biyu, wanda a irin waɗannan yara kusan babu shi.

Ranar ɗaukar awon baki, wanda da shi ake haɗa farantin, ita ce ranar da ta fi kowace haɗari, kuma a nan ake fara gane ingancin wurin. Ana cusa wani abu mai laushi kamar ƙullu a bakin jariri a kan ɗan ƙaramin cokali na musamman, a jira ya daskare, a zare. Jaririn yana farke, ba a sa shi barci, ana riƙe shi kansa a ƙasa ko fuskarsa na kallon ƙasa domin harshe ya faɗo gaba kuma kada wani gutsure ya gangara maƙogwaro. Kukansa a lokacin abin so ne, alama ce cewa iska na wucewa. Iyaye su duba da idonsu kafin a fara: akwai na'urar zuƙe majina a kunne, akwai iskar oksijin, akwai likitan tiyata ko na sa barci a kusa? Bayan an zare awon dole a haska cikin tsagewar a tabbatar ba abin da ya maƙale a ciki. Wurin da ya ɗauki wannan mataki da wasa, kada a ba shi amanar sauran. Cibiyoyin da suka samu na'urar ɗaukar hoton cikin baki sun rage wannan haɗari, amma ba ko'ina take ba.

Farantin kansa na roba ce mai tauri irin ta haƙoran roba, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, da huda mai faɗin milimita 6 zuwa 8 a tsakiya domin iska ta samu hanya idan bayansa ya faɗo kan harshe. A gabansa akwai ɗan maɓalli da ke leƙowa ta tsagewar leɓen, guda ɗaya ga mai gefe ɗaya, biyu ga mai gefe biyu. A kan maɓallin ake maƙala 'yan ƙananan robobi irin na masu gyaran haƙora, robobin kuma a ɗaure suke da siraran filasta masu faɗin milimita 6 da tsawon santimita 10, waɗanda ake ja a manna a kumatu. Duk sati likita yana ƙara roba mai laushi a inda yake so ya tura dasashi, ya kankare inda yake so dasashin ya matso, bai wuce milimita 1 a zama guda. Kenan ba a gaggawa da shi, kuma ba a tsallake sati.

Abin da maijego za ta yi kullum

Farantin yana baki dare da rana, ana cire shi ne kawai don wankewa, sau ɗaya ko biyu a yini. Ana wanke shi da buroshi mai laushi da ruwa mai tsabta, mai sanyi ko ɗumi-ɗumi. Kada a tafasa shi. Wannan kuskure yana yawan faruwa, kuma ba laifin uwa ba ne: an koya mata ta tafasa kwalba da kan nono, sai ta haɗa da farantin don tsabta. Ruwan zafi yana murɗe robar, ta daina zama daidai da dasashi, sai an sake awo daga farko. Idan asibiti bai faɗi wannan da baki ba ranar farko, ya gaza.

Sai manna filasta, wanda shi ne zuciyar aikin. Da fari ana wanke kumatu a busar sarai, a manna filasta mai kare fata, irin su DuoDERM ko Tegaderm, ɗaya a kowane kunci. Wannan tushe ne, yana iya kwana da yawa ba a cire ba, kuma a kansa ake manna siraran, ba a kan fata ba. A shirya siraran da robobinsu tun kafin a ɗauko yaro, a jera a gefen tire. A sa farantin, a danne shi da yatsa, a maƙala roba a maɓalli, a ja ta har ta kai ninki biyu na faɗinta, a manna filastar tana nufar baya da sama, wajen tsakanin ido da kunne. Idan aka ja ta a kwance ko ƙasa, bayan farantin zai riƙa faɗowa, yaro ya riƙa yunƙurin amai yana tura shi da harshe. Idan jan ya yi yawa kumatu su yi ja, dasashi ya yi gyambo. Idan ya yi kaɗan farantin yana yawo a baki, sati ya wuce ba abin da ya motsa. A ƙarshe a matse kumatun biyu da yatsu har gefunan leɓe su kusanci juna, a ɗora wata filastar a kan leɓen, a fara daga gefen lafiya a ja zuwa gefen tsagewa.

A rubuce abin kamar minti 5 ne. A aikace, da jariri yana tsala ihu yana juya kai, makonnin farko yakan ci minti 20 zuwa 30, kuma hannu biyu ba sa isa. Dabarar da ke aiki ita ce a naɗe yaron a zani har hannuwansa, mutum ɗaya ya riƙe kai daga baya, ɗayan ya manna, kuma a yi kafin shayarwa, ba bayanta ba, don gudun amai. Nono da yawu suna jiƙa filastar leɓe, saboda haka sau da yawa sai an canza ta fiye da sau ɗaya a yini. A yi lissafi: siraran filasta 3 zuwa 5 a yini, cikin wata 4, ya kama daga 360 zuwa 600. Ba kowane kemis na unguwa ke ajiye irinsu ba. Wanda ke zaune a Zuba ko Bwari ya tambayi asibitin tun ranar farko ko su ke bayarwa ko shi zai nema, kuma kada ya bari ta ƙare ranar Juma'a da yamma. Filastar ɗaure ciwo ta yadi mai ƙarfin danƙo ba ta maye gurbinta, tana ɗaye fatar jariri.

Yanayin Abuja yana da nasa hukuncin a kan wannan aiki. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zufa tana saɓule filasta cikin awanni, ƙuraje kuma su feso a ƙarƙashinta. Da hunturu fata na bushewa ta tsattsage, cirewa ta zama azaba. Sannan ga al'adarmu ta shafe jariri da man zaitun, man kaɗanya ko basilin bayan wanka, a bi da hoda. A shafa a jiki duka, amma a bar kumatu. Filasta ba ta kama fata mai maiƙo, kuma yawancin kukan "ba ta mannewa" daga nan yake fitowa. Inda mai ke da amfani shi ne wajen cirewa: a jiƙa gefen filastar da ruwan ɗumi ko ɗigon mai, a ɗaga a hankali ana danne fatar da yatsa, sannan a wanke man tas a busar kafin a sa sabuwa. Idan wuri ya yi ja, a ɗan gusar da tushen sama ko ƙasa domin fatar ta huta. Kakar da ke yi wa jariri wanka ita ya kamata a fara yi wa wannan bayani, ba uwar kaɗai ba, don ita ce mai riƙe da kwalbar man.

Duk lokacin da aka cire farantin a haska bakin da fitilar waya. Ana neman jan wuri ko farin gyambo a inda gefen farantin ke gogar tsakanin leɓe da dasashi, da kuma can cikin tsagewar inda ƙashin tsakiyar hanci yake. Ƙaramin ja yakan wuce, amma gyambo yana nufin akwai wurin da ke buƙatar kankarewa, kuma likita ne zai kankare. Kada a sa reza ko abin goge farce a gida, domin tudun da ake gani kamar kuskure wataƙila shi ne aka ƙara da gangan don ya tura dasashi. Akwai kuma farin abu kamar guntun madara da ke manne wa harshe da kumatu ta ciki, wanda ba ya gogewa. Naman gwari ne, ɗumi da laimar ƙarƙashin faranti na taimaka masa, yana da magani na ɗigawa a asibiti.

Idan ratar dasashi ta ragu zuwa kamar milimita 5, sai a ƙara wa farantin wata siririyar waya mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, da ɗan dunƙulen roba a kanta, wanda ke shiga ƙofar hanci ya ɗaga ta daga ciki. Idan aka sa ta da wuri, tun ratar na da faɗi, ƙofar hancin tana buɗewa ta yi girman da ya wuce kima, wanda gyaransa a tiyata ke da wuya. Daga wannan mataki aikin uwa ya ƙaru: duk sa faranti sai ta tabbatar dunƙulen ya shiga hanci daidai, ba ya tokare gefe ba. Kan hancin yakan ɗan yi fari idan an sa, ya dawo daidai ba da jimawa ba. Idan farin ya zauna, ko bakin ƙofar ya yi ja ya fara sirancewa, turin ya yi yawa. Goyo ma sai an sake masa tsari, domin jaririn da ke goga fuska a bayan uwarsa yana lanƙwasa wayar ko ya ture farantin. A juya kansa gefe a riƙa dubawa, ko a rungume shi ta gaba. Wajen wata 3 kuma hannunsa ya fara kai wa baki, sai safar hannu da sa ido.

Zirga-zirga, da jego

Mai tsagewar gefe ɗaya yakan yi wata 3 zuwa 4 da faranti, mai gefe biyu wata 4 zuwa 6. Da zuwa asibiti duk sati, wannan zuwa 12 zuwa 16 ne ga na farko, na biyun kuma yana iya haura 20. Ga mai zama a Garki ko Wuse abu ne mai yiwuwa. Ga matar da za ta taso daga Mararaba ko Masaka ta bi cunkoson Nyanya da safe da jariri ɗan sati 2, ko daga Suleja, Kuje ko Abaji, yini guda ne cur, da kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, da abinci, da aikin maigida ko kasuwarsa da aka rufe. A ninka wannan sau 16 kafin a ce to. Ko da farantin kyauta ne, hanyar ba kyauta ba ce, kuma a kan hanyar ne yawancin masu dainawa ke dainawa. Tsallake sati 2 ko 3 ba ƙaramin abu ba ne: muƙamuƙin jariri na girma da sauri, farantin ya matse ko ya daina zama, a koma ɗaukar awo da haɗarinsa.

Abin da masu tsara hidimar a ƙasashen waje ba su lissafa da shi ba shi ne cewa makonni 6 na laushin guringuntsi su ne kusan daidai da kwana 40 na jego. Lokacin da al'ada ta ce mace ta zauna a ɗaki, wanka safe da yamma, kunun kanwa, baƙi masu barka, shi ne lokacin da ake so ta fi kowa zirga-zirga, wataƙila ma da ɗinkin tiyatar haihuwa a cikinta. Iyalai da yawa sukan ce a bari a yi suna, wasu su ce a bari a yi arba'in, kafin a je. Wanda ya zo bayan arba'in bai makara ga tiyata ba ko kaɗan, amma ribar da hanci zai samu daga faranti ta ragu. Haka nan idan haihuwar fari ce kuma za a tafi wankan gida Zariya ko Katsina, a yanke shawara tun kafin awo: ko a zauna Abuja uwarta ta zo, ko a haƙura da farantin. Farawa a watsar a tsakiya ya fi rashin farawa asara.

Gargaɗi ɗaya da ba ma sassautawa a kansa: kada wanzami ya taɓa bakin wannan jariri. A tsagewar ganɗa, belin yakan rabu biyu, kowane rabi a gefensa, kuma ganin haka yakan sa a ce ga abin da ke hana shi shan nono. Ba shi ba ne. Naman nan likitan tiyata yana buƙatarsa ranar da zai haɗa ganɗa, kuma zubar jini ko ƙwayar cuta a jaririn da ake fafutukar ƙara masa nauyi na iya ɗage tiyatar da watanni.

Ciyarwa ta fi farantin muhimmanci

Ana yawan cewa farantin zai sa yaro ya kama nono. Yana raba baki da hanci, yana hana harshe shiga tsagewa, wasu yaran kuma sun fi natsuwa da shi. Amma ba ya rufe bayan ganɗa, don haka ba ya ba da ƙarfin zuƙa. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Holan a kan farantin da ba shi da wayar hanci bai ga bambanci a ciyarwa ko nauyi tsakanin yaran da suka sa da waɗanda ba su sa ba. Kenan mai tsagewar ganɗa, da faranti ko babu, yawanci sai an tatsa an ba shi.

Bayan satin farko jariri na buƙatar kimanin mililita 150 a kan kowane kilo a yini. Mai kilo 4 kenan mililita 600, a raba sau 8, kowane 75. Kowace ciyarwa kada ta wuce minti 30, domin bayan haka ƙarfin da yake ƙonawa ya fi abin da yake samu. A zaunar da shi a ɗage, kada a kwance, a sa kan kwalbar a gefen da ba tsagewa, a tsaya a sa shi gyatsa sau 2 ko 3 saboda yana haɗiyar iska da yawa. Nono ya fito ta hanci ba abin tsoro ba ne, a dakata a goge a ci gaba. Kwalaben da aka yi don wannan, irin su Haberman, Pigeon da Dr. Brown's mai bawul, suna sakin nono da dannawar dasashi ko matsawar hannun uwa. Inda ba a samu ba, ƙaramin kofi ko cokali na aiki, kuma sun fi sauƙin wankewa. Faɗaɗa hudar kan kwalba da almakashi har nono na zuba da kansa yana sa shaƙewa. Alamar cewa ana kan hanya: ya dawo nauyin haihuwarsa wajen sati 2, yana ƙara giram 20 zuwa 30 a yini, yana jiƙa ƙyalle 6 ko fiye.

Yanzu a tara awannin. Ciyarwa 8 sau minti 30, awa 4. Tatsa sau 8, kowace minti 20, kusan awa 3. Wanke kwalabe, wanke faranti, filasta, wata awa guda. Awa 8 kenan a kowace rana, ba Asabar ba Lahadi, an yayyanka su cikin dare da rana, ban da girki da sauran yara. Nonon da aka tatsa ba ya wuce awa 4 a ɗaki, a zafin Maris ma gara a rage, kuma firij ɗin da wuta ke zuwa tana tafiya ba abin dogaro ba ne, don haka ba a iya tara na yini a huta. Idan aka koma madarar gwangwani, a bi awon da ke jikin gwangwanin daidai. Tsinka ta don ta kai ƙarshen wata shi ne babban abin da ke hana yaran nan kai nauyin tiyata. Duk ranar da aka ga filasta da faranti suna cin lokacin ciyarwa, nauyi kuma ya tsaya, a ajiye farantin a gaya wa likita. Yaro mai kyan hanci da bai kai kilo ba, ba za a sa shi barci a yi masa aiki ba.

Nauyin da ba a gani a sikeli shi ne na zuciya. Matar nan tana fama da maganganu: ta fita da dare da ciki, ta kalli husufi, ta yi wa wani dariya, daga danginsu ne. Leɓe yana haɗuwa ne tsakanin sati na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma kafin ƙarshen wata na 3, sau da yawa kafin ma ta tabbatar tana da cikin, kuma a duniya kusan jariri 1 cikin 700 ake haifa da hakan. Filasta a fuska tana ƙara jawo ido a mota da wurin awo, har wasu matan su cire ta idan za su fita ko baƙi za su zo, awannin gyara su tafi a banza. Kuma ita ce ke sa ɗanta kuka da hannunta kullum. Binciken da aka yi da iyaye a Amurka ya nuna makonnin farko ne mafi tsanani, daga baya da yawa sukan samu ƙarfin gwiwa da suka ga ratar na raguwa da aikin hannunsu. Muna ganin wannan riba ce ta gaske, amma tana zuwa ne ga wadda aka tallafa ta haye watan farko. Maigida ya koyi manna filastar da hannunsa, ya karɓi ciyarwa ɗaya ta dare. Idan kuka, rashin barci ko ƙin abinci suka wuce sati 2 a wurin maijego, a faɗa wa ma'aikatan asibiti, ciwo ne mai magani.

To, ya cancanci wahalar? A kan abin da ido ke gani kafin tiyata, hidimar tana cika alkawarinta idan an bi ta: rata tana raguwa, hanci yana tashi, likita yana ɗinki a kan nama da ba ya ja. Ribar ta fi fitowa a tsagewa mai faɗi da kuma ta gefe biyu. A kan abin da zai rage bayan shekaru, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, hancin yakan ɗan koma a shekarar farko, kuma akwai manyan cibiyoyi a duniya da ke fitar da kyakkyawan sakamako ba tare da faranti ba sam. Saboda haka duk wanda ya ce wa iyaye ba a tiyata sai da shi, ya faɗi abin da ba haka ba. Akwai matsakaiciyar hanya: filastar leɓe kaɗai, ko irin DynaCleft mai roba a tsakiya da ɗan ƙugiyar ɗaga hanci da ake mannawa a goshi. Ba awo, ba gyambon baki, zuwa asibiti kaɗan ne. Ba ta juya dasashi da daidaito irin na faranti, amma ga iyalin da ke Keffi ko Abaji ita ce abin da za a iya ɗorewa a kai. A ganinmu faranti ya dace da mai tsagewa mai faɗi ko ta gefe biyu, wanda ya zo cikin watan farko, yana shan nono yana ƙaruwa, gidansu na da mutum na biyu da zai koya, kuma kuɗin motar wata 4 ba zai hana cefane ba. Jaririn da ke da ƙaramar haɓa da wahalar numfashi, ko ake zargin ciwon zuciya, a fara da wannan tukuna.

Ba duk asibitin da ke ɗinke leɓe ke yin faranti ba, domin yana buƙatar likitan daidaita haƙora da ɗakin haɗa roba. Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada suna da sashen haƙori da tiyatar fuska, nan ne wurin fara tambaya. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana ɗaukar nauyin tiyatar kyauta a asibitocin da take hulɗa da su a Najeriya, don haka a tambaya ko asibitin na cikinsu, da kuma ko tallafin ya haɗa da kwalba, filasta ko kuɗin mota. Wurin da ya san aikinsa za a gane shi da ƙananan abubuwa: yana auna nauyin yaro duk zuwa ya rubuta, ba ya sallamar uwa ranar farko sai ta cire farantin ta mayar ta manna filasta da hannunta sau 2 a gaban ma'aikaciya, yana koya wa mutum biyu, yana da mai bayani da Hausa, yana ba da lambar WhatsApp da za a tura hoton gyambo a samu amsa a ranar maimakon a biyo hanya, kuma yana yarda a haɗa ranar gyara da ranakun rigakafi na sati 6, 10 da 14 idan a asibiti ɗaya ake yi.

A nemi ranar tiyata tun ana tsakiyar aikin, domin ana sa farantin har zuwa ranar, kuma idan aka cire shi aka zauna jiran layi na makonni, dasashi da hanci suna fara komawa inda suka fito. Mura ko tari a satin tiyata na sa a ɗage, don haka a rage masu ɗaukar yaron da hayaƙin turaren wuta a ɗaki a makonni 2 na ƙarshe. Bayan ɗinkin leɓe an gama da faranti, amma wasu likitocin suna sa 'yar robar riƙe ƙofar hanci na wasu watanni, ita ma da wankinta da filastarta, kuma ciyarwa da kwalba ko kofi na nan har a ɗinke ganɗa. A tambayi wannan tun farko a sa shi cikin lissafi.